An Yi Mini Baikon Godiya Ban Warke Ba

Sunana Ishaya. Ni ne mai gyaran wayan nan na Narayi, a Kaduna, da ke ajiye kiret ɗin ƙwai a kan tebur. Kusan duk wanda ya kawo mini waya sai ya tambaya ko har da ƙwai nake sayarwa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma in na yi dogon surutu kaina yana ɗaukar zafi, shi ya sa na zauna na rubuta shi, layi goma yau, layi biyar jibi. Akwai abin da na koya a jikina da nake so kowa ya sani, har ƙaiƙayi yake yi mini.

Ba wanda ya koya mini gyaran waya. Bidiyo na dinga kallo, ina roƙon matattun wayoyi a Sabon Tasha ina farke su. Abin da nake taƙama da shi kuwa noti ne. Waya ɗaya sai ka samu notuka barkatai a cikinta, ƙanana kamar tsabar acca, wani dogo wani gajere, kowanne da raminsa. Sauran masu gyara zana taswira suke yi a takarda suna jera su. Ni zuba su nake yi a murfin kwalba, in na gama in mayar da kowanne gidansa da ka. Wannan ne Oga Sunday ya gani da ya zo hutun Kirsimeti. Mutumin wajenmu ne, mamarsa tana Kamazou, shi kuma yana harkar waya a Accra. Ya ce hannuna ya fi ƙarfin Narayi, akwai shago yana jirana a Gana.

Ƙarƙashin bene

Shagon dai tebur ne a ƙarƙashin matakalar wani bene a kasuwar waya ta Sarkil. In na miƙe tsaye sai na sunkuyar da kai. Masauki kuma ɗaki ɗaya ne a unguwar Nima, mu biyar, taga guda, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Ranar da na sauka Oga ya karɓi fasfo ɗina. Ya ce haka tsarinsa yake da duk mai taɓa wayoyin mutane, sai ka cika shekara yake mayar maka. Ban yi musu ba. Ina zan je?

Wata huɗu na farko na ji daɗin aikin, ban ɓoye ba. Har taruwa ake yi a kalli ɗan Nijeriya mai murfin kwalba. Sai zazzaɓi ya kama ni. Na sha maganin maleriya bai ji ba. Da aka gwada a asibiti aka ce korona ce, a lokacin da kowa ya daina tsoronta, takunkumi ma an daina sawa. Kwana goma sha ɗaya na yi ina tari kamar ƙirjina zai tsage. Ƙanwata Saratu ta kasa riƙe bakinta ta gaya wa Mama. Mama kuwa ta tara matan zumunta na cocinmu suka shiga azumi.

Ranar da zazzaɓin ya sauka na ci tuwon masara malmala biyu, na ɗauki waya na tura wa Mama murya: "Mama, na warke sarai. Ki sha ruwa."

Lahadin da ta biyo baya Saratu ta turo mini bidiyo. Wanda ba ɗan coci ba bari in gaya masa yadda baikon godiya yake a wajenmu. In Allah ya yi maka wani babban abu, za a kira sunanka ana cikin sujada, ka taso tun daga bakin ƙofa da rawa, danginka da abokanka a bayanka, kana riƙe da abin da ka kawo, har gaban bagadi. A can za ka ba da shaida da bakinka kowa ya ji. To ga Mama nan a bidiyo, sabon zani, kaza ja a hammata, matan zumunta suna buga tulu da kacau-kacau a bayanta. Mama mai ciwon gwiwa, har ƙasa take kai wa. Ta karɓi makirfo ta ce ɗanta ya leƙa kabari a ƙasar Gana, Yesu ya jawo shi, yanzu garau yake kamar bai taɓa ciwo ba. Coci ya ɗauki guɗa. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin ina dariya ina share hawaye.

Sai dai jikina akwai nauyi-nauyi. Mu kuma kun san abin da muke yi in mun tashi daga ciwo: a fita a yi gumi, ragowar ciwon ya fita. Haka na taso na gani. Na bi 'yan ɗakinmu filin ƙwallo na buga awa ɗaya da rabi. A ranar lafiya lau. Washegari ma ba laifi. Rana ta uku na farka na kasa ɗaga hannuna in kori ƙuda.

Ba gajiyar da kuka sani ba ce. Gajiyar aiki in ka yi barci tana tafiya. Wannan in ka yi barci sai ka tashi kamar an kwana ana loda maka buhunan siminti. Ga kai kuma. Sai in ji kamar an cusa mini auduga a ƙwaƙwalwa. Mutum zai yi mini magana, ina jin kowace kalma, amma kafin ya kai ƙarshe na manta farkon. Na taɓa tsayawa da sukundireba a hannu ina neman sunanta a raina, ni da nake kwana da ita a aljihu.

Bayan kwana huɗu na ɗan ji dama, na koma aiki da ƙarfina don in rama. Kwana biyu, na sake zubewa. Haka abin ya dinga juyawa. Duk ranar da na ji sauƙi sai in ce yau ne, in ƙure kaina, jibi in biya.

Ranar da ta fi muni, wata mata ta kawo waya mai tsada a canja sikirin. Aikin da nake yi ina hira. Na zuba notuka a murfi kamar kullum. Da na zo mayarwa na duba murfin, ban gane kowa a cikinsu ba. Duk sun zama iri ɗaya. Matar tana tsaye, Oga yana kallo, kunya ta hana ni cewa komai. Na ɗauki ɗaya na ɗaura. Ashe dogo ne na sa a ramin gajere. Na ji ɗan ƙas a yatsana, ya huda fanel, wato allon da duk rayuwar waya take kai. Wayar ba ta sake kawo wuta ba. Hotunan bikin 'yarta na ciki.

Oga bai yi ihu a gabanta ba. Da ta tafi ya tambaye ni me na fara sha. Na rantse masa. Ya ce to lalaci ne, ko kuma mutanen ƙauyenmu sun biyo ni. Na ce ya ba ni fasfo in koma gida. Ya ce shekara muka yi da shi, saura wata bakwai, kuma mai ciwo ba ya ƙiba, ni ga kumatu na yi. Ya mayar da ni goge gilasai da liƙa sitika.

Na koma asibiti sau biyu. Aka ɗibi jini, aka duba ƙirji, aka ce komai lafiya. Likitan mutumin kirki ne, ya ce yana ganin irin haka bayan wannan ciwon, in huta. A ina?

Ɗakin Nima

Yawancin watannin nan a kan katifa na yi su, ina kallon silin. Akwai wani tabon ruwa a jikinsa da na haddace kamar fuskar ɗan'uwa. 'Yan ɗaki su fita da safe su dawo da yamma su same ni yadda suka bar ni. Da farko suna tsokanata, suna ce mini mai gadin katifa. Daga baya suka daina, wannan ya fi ciwo. Hayaniyar titi tana shiga kaina kamar ƙusa. Ko wanka sai na yi shawara da kaina, don in na yi wanka ba zan iya zuwa bakin titi sayen abinci ba. Ɗaya zan zaɓa.

Kewar gida kuwa ta abubuwan banza ce. Ƙarar keke-napep a kan hanyar Narayi in an yi ruwa. Gwaten acca na Mama da yakuwa. Warin masara gasasshiya a bakin mahaɗa.

Amma abin da ya ɗaure ni da gaske ba fasfo ba ne. Kiran Lahadi ne. Duk Lahadi bayan an taso coci Mama za ta kira a wayar Saratu, da bidiyo. Tun Asabar nake tara ƙarfi. In wanke fuska, in sa riga mai kyau, in jingina da bango, in yi murmushin minti goma. Aiki fa? Lafiya lau, Mama. Jiki fa? Garau. In ta kashe in zame in kwanta har Litinin.

Me zan ce mata? Matar da ta yi rawa da gwiwa mai ciwo a gaban coci guda. A wajenmu shaida ba a janye ta. In ka ce ciwon yana nan, wasu za su ce bangaskiyarka ce ta yi rauni, wasu su ce ka buɗe wa Shaiɗan ƙofa da bakinka, wasu kuma a bayan ido su ce Maman Ishaya ta yi gaggawa. Ga shi har ta gaya mini wata mata da ɗanta ke kwance tana zuwa wurinta addu'a, wai shaidar Ishaya ce take riƙe da ita. Na ce amin. Na ji kamar an ƙara wa ɗakin nan kwaɗo.

Bencin Hajiya

A bakin layinmu akwai wata dattijuwa mai koko da ƙosai, Hajiya Ramatu. Hausawan zango ne, kakanninta suka zo Gana, ita ba ta taɓa ganin Nijeriya ba. Hausarta wata iri, tawa ma wata iri a kunnenta, kullum sai mun yi wa juna dariya. Da ta ji sunana ta ce ashe Yahaya ne aka lanƙwasa. Na ce a'a Hajiya, ni Kirista ne. Ta ce to Kirista ba ya shan koko ne?

Wata safiya na tsaya a gabanta da kofi a hannu, na rasa me ya kawo ni. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ta janye ni ta zaunar a bencinta, ta ce kar in yi magana. Da na dawo hayyacina, ban san dalili ba, na kwashe komai na gaya mata, har da kazar.

Ba ta ce aljanu ba ne, ba ta ce lalaci ba ne. Tambayata ta yi, ranar da nake zubewa, me na yi shekaranjiyarta. Ban taɓa haɗa su ba. Ni jiya nake dubawa, in ga ban yi komai ba. Ta nuna mini murhunta ta ce gawayin da take zubawa ta san iya inda zai kai ta, in ta fifita shi da ƙarfi da sassafe don wuta ta yi kyau, kafin hantsi sai toka. Nan take na gane da yaren aikina. Batirin da ya lalace ke nan. Zai nuna maka tamanin, ka buɗe bidiyo ɗaya ya faɗo uku. Ba caja ba ce matsalar, kuma ba a gyara shi da ƙara masa aiki.

Da na ba ta labarin notin, ta jawo kiret ɗin ƙwai da babu komai a ciki ta miƙo mini. Ta ce rami talatin ne, in sa wa kowanne lamba. Na ce Hajiya ni fa da ka nake yi. Ta ce, "A da kake yi. Karɓi."

Na karɓa, raina a ɓace. Shi ne wannan da ke kan teburina.

Daga nan na fara bincike a waya, minti biyar-biyar, don karatu ma yana cin batir. Ashe muna da yawa a duniya. Mutane a ƙasashe daban-daban, bayan korona ko wani zazzaɓin, suna faɗin abin da nake ji kamar sun leƙa raina: gwaji lafiya, jiki ba lafiya, faɗuwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Na fara rubuta duk abin da na yi a rana a bayan kwalin sikirin. Na koyi tsayawa tun ban gaji ba, wanda ya fi komai wuya. Faɗuwar ta ragu. Amma ina nan dai a Nima, fasfo yana durowar Oga, Lahadi tana zuwa.

Hajiya ta ce in gaya wa uwata. Na ce ba za ki gane ba. Ta ce ita dai ta haifi shida.

Ban gaya mata ba. Kama ni aka yi. Mama tana rufe kowane kira da addu'ar nan da Ubangiji ya koyar, wadda kowane ɗan Sande Sukul, ajin yara na coci, ya haddace tun bai iya ɗaura wando ba. Ranar ta ce ni in ja. Na fara, na yi layi biyu, sai fari fat. Babu komai a kaina. Na sake farowa, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Ina ganin fuskarta a sikirin, ta buɗe ido.

"Saratu, ba ni wayar, ki fita." Ta matso da fuskarta. "Ishaya, yaushe rabonka da lafiya?"

Na ce tun zazzaɓin.

"Ranar da na kai kazar fa?"

"Ban warke ba, Mama. Na ɗauka na warke."

"Wata biyar kana wanke fuska kana yi mini ƙarya."

Na ce ban so in ɓata mata shaida ba ne, mutane za su yi magana.

"Ni na haifi shaida ne, ko kai na haifa? Ina takardarka ta tafiya?"

Abin da ya faru bayan nan Saratu ce ta ba ni labari. Ranar Talata matan zumunta goma sha huɗu suka ɗaura zanin zumunta, suka ɗauki tulunansu, suka shiga keke-napep huɗu zuwa Kamazou, gidan maman Oga Sunday. Ba faɗa, ba zagi. Suka ce sun zo gaisuwa da addu'a ne saboda wani ɗansu da ke tsare a hannun ɗanta. Suka zauna a tsakar gida suka fara waƙa. In ta ƙare su ɗauko wata. Maƙwabta suka cika ƙofa. Tsohuwar ta kawo ruwa, suka ce sai an gama. Kafin la'asar ta kira ɗanta tana kuka.

Washegari Oga ya jefo fasfo ɗin a kan tebur bai dube ni ba. Abin da ya ce kawai, "Mamarka ta iya tara jama'a."

Hanya

Tafiyar da na yi a kwana biyu da zuwa, kwana shida na yi da dawowa. Hajiya ce ta ce in yanka ta gida-gida. Ta ɗaure mini ƙosai, ta sa na rubuta sunayen tashoshi a takarda na rataya a wuya tare da lambar Saratu, ko da kaina zai ɗauke. A iyakar Aflao wani mai rakiya ya karɓi jakata wai zai tsallakar da ni ta hanya mai sauƙi, ya zagaya da ni cikin rana, ya ɓace da jakar kayan aikina. Ban iya bin sa ba, ko ihu ban iya ba. Kiret ɗin yana cikin leda a hannuna, shi ya tsira. A Kwatano na kwana biyu a kan tabarmar wani masallacin tasha, ladanin ya ce in dai ba zan yi minshari lokacin salla ba in kwanta. A Legas wani direban Kakuri, Inyamuri, ya ji ina Hausar Kaduna, ya ba ni kujerar gaba ya kashe rediyo tun daga can har Gonin Gora, fasinjoji suna ta mita.

Narayi

Kada ku ɗauka da na iso gida sai na miƙe. Silin kawai na canja. Wata takwas na yi kusan a ɗaki. Masu zuwa dubiya su ce ai ka yi kyau, fito ka motsa jini. Wani ya kawo sassaƙe, wani ya ce a kai ni dutsen addu'a kwana uku ba ci.

Lahadi ta biyu da dawowata Mama ta nemi makirfo a coci. Ba rawa, ba tulu. Ta ce ta zo gyara magana ne. Ta ce ta gode wa Allah ɗanta yana numfashi, wannan ba ta janye ba, amma da ta ce garau yake ta yi sauri, bai warke ba tukuna. Ta ce in an gan shi zaune ana waƙar tsaye kar a taɓa shi, kuma mai son taimako ya yi addu'a daga gidansa. Saratu ce ta ba ni labari. Da aka tashi, wani dattijo da wata malamar makaranta suka same ta a gefe, kowanne ya ce shi ma tun wani zazzaɓi bai koma daidai ba, bai dai taɓa faɗa ba.

Yanzu shekara biyu ke nan da wani abu. Waya uku nake gyarawa a rana, ko an kawo goma. Ƙarfe ɗaya nake rufewa in kwanta. Addu'ar ta dawo, sunan sukundireba ma ya dawo, notuka dai har yau sai da kiret. Wani watan in manta kaina in ƙure, in sha kwana uku a kwance. Ban san ko zan koma yadda nake da ba, kuma na daina yi wa kowa alkawari. Abin da nake roƙo, in ka tashi daga zazzaɓi ka ji jikinka ba naka ba, je asibiti a duba, kar ka je filin ƙwallo. In ka zube, tambayi shekaranjiya. Kuma kar ka yi saurin tura murya gida.

Ranar da na dawo Mama ta sayo wata budurwar kaza, fara. Ta ce ta godiya ta biyu ce, amma wannan karon ba ita za ta ce lokaci ya yi ba, ni zan faɗa, kuma ni zan riƙe ta in yi rawar da ƙafata. Na auna, daga ƙofar cocinmu zuwa bagadi taku arba'in da biyu ne. Da tafiya ina yin su yanzu ba tare da na biya jibi ba. Da rawa tukuna.

Jiya Mama tana watsa wa kaji dusa ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, ko bana ne. Na ce ban sani ba, Mama. Ta ce ba komai, ba inda za ta.

Kazar tana nan. Ta yi jikoki.